Kafin ka yarda cewa ƙwaƙwalwar kayan wutarka ta ƙone: jagorar bincike mataki-mataki

A bazarar da ta wuce, tsakiyar watan Afrilu, lokacin da ko ruwan randa ɗumi yake yi a Sakkwato, gwaggona da ke Mabera ta aiko jikanta da fankarta mai caji a bayan babur. Saƙon gajere ne: an kai wa mai gyara, ya ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, sai dai a sayi sabuwa. Da la'asar na je gaishe ta, na tarar da ita a tsakar gida tana fifita da mafici, zufa ta jiƙa mata kallabi. Ta ce, "Ɗana, wagga hwanka ita ka sa ni samun kwana in an ɗauke wuta. Ka diba mini ita." Na ce, "To Gwaggo, in Allah ya so."

Da na koma gida na kwance bayan fankar, na ciro bod ɗin, wato faifan da aka jera ƙananan sassan lantarki a kansa. Kusa da inda wayar caji ke shiga akwai wani kafasita ɗan ƙarami, abin da ke tara wuta ya daidaita ta, kansa ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace. Na cire shi da dalma, na sa sabo wanda kuɗinsa bai kai na kwanon fura ba. Fanka ta tashi, kuma har yau tana juyawa. Ƙwaƙwalwar da aka yi wa ta'aziyya lafiyarta ƙalau, yunwar wuta ce kawai ta kwantar da ita.

Tun da na fara buɗe kayan wuta na sha jin wannan magana ta "ƙwaƙwalwa ta ƙone", kuma kaɗan ne daga ciki suka tabbata. Abin yana damuna, domin kuɗin talaka ne ke tafiya a bola. Ƙwaƙwalwar nan tana da wuyar mutuwa. Abin da ya fi lalacewa shi ne wanda ke ciyar da ita wuta, ko wanda ke kai mata labari. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta hanyar da nake bi, daki-daki.

Mece ce ita wannan ƙwaƙwalwa?

Masana suna kiran ta maikrokwanturola, masu gyara kuma su ce aisi, ko dai kawai ƙwaƙwalwa. Wani baƙin abu ne shafaffe, sau da yawa bai kai farcen babban yatsa ba, da ƙafafu jere a gefensa: wani takwas, wani 28, wani ya haura 40. Kwamfuta ce cikakkiya a dunƙule. A cikinta akwai sashen lissafi, da ma'ajiyar da ke riƙe umarnin kamfani ko da an ɗauke wuta, da wata ƙaramar ma'ajiya ta aikin nan take, da agogon ƙirga lokaci. Ƙafafun nan su ne idonta da hannunta.

In ka taɓa tsayawa a fadamar Kwalkwalawa ka kalli mai ban ruwan albasa, to ka ga aikinta. Yana duba fangali, in ya cika ya toshe shi da laka, ya buɗe na gaba, ya sake dubawa. Haka take yi: ta saurari maɓalli ko ma'aunin zafi, ta duba umarnin da aka rubuta mata, ta kunna mota (injin da ke juyawa a cikin na'ura) ko fitila ko ta kashe, ta koma ta sake saurare. Sau dubbai take wannan zagaye kafin ka ƙifta ido.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da TMS1000 kasuwa a 1974, aka riƙa sa ta cikin na'urar lissafi da kayan wasan yara. Intel ya fitar da 8051 a 1980, kuma har yau jikokinta suna cikin kaya masu araha da muke saye. Ba ta da girman ciki ko kaɗan. ATmega328P, wadda ɗalibai ke koyo da ita a kan bod ɗin Arduino Uno, ma'ajiyar umarninta kilobayit 32 ce, ta aikin nan take kuma kilobayit 2. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka haka sau da dama. Amma wannan ɗan cikin ya ishe ta tafiyar da injin wanki daga jiƙo har matsa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe: yawancinsu bolt 5 ko bolt 3.3 suke ci, tsayayya mai tsafta, alhali soket ɗin bangonmu an tsara shi a kan bolt 230. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne mafi yawan matsala take.

Mataki na ɗaya: tabbatar ko kayan yana da ita

Ba kowane kayan wuta ke da ƙwaƙwalwa ba. Dutsen guga, da butar dafa ruwa ta lantarki, da fankar sama mai murɗawa a bango, da mafi yawan injin markaɗe na kicin, duk babu ita. Ƙas ɗin da guga ke yi in ta yi zafi, wani ɗan ƙarfe ne ke lanƙwashewa ya yanke wuta. Firiza da ƙananan firji masu murɗawa daga 1 zuwa 7 su ma yawanci haka suke. Duk wanda ya ce maka ƙwaƙwalwar gugarka ta ƙone, ɗauki abinka ka yi gaba.

Alamomin mai ita kuwa a fili suke: yana da rimot, ko allon da ke nuna lamba, ko maɓalli mai taushi da ke cewa "ɗit" in an danna, ko yana iya kashe kansa bayan lokacin da ka saita, ko yana tuna inda ka bar shi jiya. Da wannan ma'auni zagaya gidanka: rimot kansa, esi, fanka mai caji, injin wanki mai sarrafa kansa, sitabilaiza mai nuna lamba, inbata, kwanturolar sola, mitar wuta ta kati, ma'aunin hawan jinin Baba. Za ka yi mamakin yawansu.

Mataki na biyu: kada ka taɓa sukudireba tukuna

Da yawa daga abin da muke kira lalacewa, na'urar ce ke bin umarnin da aka ba ta.

Fara da zare filogi gaba ɗaya daga bango, ka bar shi minti biyar zuwa goma, sannan ka mayar. Kashewa da rimot bai isa ba, domin ƙwaƙwalwar tana nan a farke tana jiran rimot ɗin. In wuta ta yi rawa, ta ɗauke ta dawo cikin daƙiƙa, ƙwaƙwalwa takan ruɗe ta tsaya cak a tsakiyar aiki. Sai wutar da ta saura cikin kafasitoci ta tsiyaye sarai za ta faro daga farko. In kayan mai batir ne kuma cire batirin yana da sauƙi, cire shi shi ma.

Sai ka yi haƙuri da jinkiri. Esi in an dawo da wuta yakan hura iska kawai na kusan minti uku kafin kwamfiresa, injin da ke kawo sanyi, ta tashi. Da gangan ne. Iskar gas da ke cikin bututu tana buƙatar lokaci ta daidaita, in kwamfiresa ta tashi a kan matsi sai ta ja wuta mai yawa ta yi zafi. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙirga waɗannan mintuna don ta cece ka daga asara. Haka maɓallin jinkiri da ke jikin sitabilaiza: in firji ko firiza ka jona, bar shi a kan dogon jinkiri. Na ga gidaje da dama an mayar da shi gajere saboda gaggawar ƙanƙara, kuma kwamfiresa ce ke biyan kuɗin gaggawar.

Duba makullin yara. Injin wanki da yawa in sun nuna CL a allo, maɓallansu a kulle suke, sai an danne wasu maɓallai biyu tare na 'yan daƙiƙoƙi. Duba kuma ko wani yaro ya sa lokacin kashewa a rimot ɗin esi, ko ya mayar da shi kan alamar fanka maimakon alamar ƙanƙara.

In allo ya nuna harafi da lamba, irin su E1 ko F3, ko wata fitila tana ƙiftawa sau uku ta huta ta sake, wannan labari ne mai daɗi. Ƙwaƙwalwar da ta mutu ba ta magana. Tana raye, tana gaya maka inda ke mata ciwo. Ɗauki hoton allon, ko ka ƙirga ƙiftawar ka rubuta. Sai dai kowane kamfani da ma'anar lambobinsa, E1 na wannan esi daban da na wancan. Nemi ma'anar a littafin da ya zo cikin kwali, ko ka rubuta sunan kamfani da lambar samfurin da ke jikin takardar gefe a intanet. Kada ka ɗauki fassarar maƙwabcinka in ba iri ɗaya kuke da shi ba.

Mataki na uku: gwada rimot

Rimot shi ne wurin koyo mafi sauƙi, babu haɗari a cikinsa. Ƙwaƙwalwarsa tana barci har sai ka danna maɓalli, sai ta farka ta aika lambar maɓallin ta ɗan ƙwan da ke goshinsa. Hasken da ƙwan ke fitarwa idon mutum ba ya ganinsa, yana ƙiftawa kusan sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, amma kyamarar waya tana gani.

Buɗe kyamara, ka fuskantar da goshin rimot gare ta, ka danna. Za ka ga haske fari-fari mai ruwan shuɗi yana walƙiya a allon wayar. Wasu wayoyi kyamarar bayansu tana tace wannan haske, don haka in ba ka ga komai ba gwada ta gaba. In haske ya fito a kowane maɓalli, rimot lafiya yake, matsalar tana wajen talabijin ko esi, wataƙila ƙura ce ko wani abu ya rufe idon da ke karɓa. In wasu maɓallai suna yi wasu ba sa yi, datti ne. Ɓare rimot ɗin a hankali, ka wanke robar maɓallan da sabulu ka shanya ta bushe sarai, ka goge bod ɗin da auduga da ɗan sifirit. Man girki da zufa sukan taru a ƙarƙashin maɓallin ƙara murya fiye da ko'ina. In babu haske ko ɗaya, sa sabon batir, ka kankare tsatsa ko farin gishirin da tsohon batir ya zubar a kan ƙarafan.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: tsofaffin rimot da yawa suna da wani ɗan akwati ruwan ɗorawa ko ruwan lemo a kan bod, an rubuta 455 a jikinsa. Shi ke ba ƙwaƙwalwa bugun da take tafiya a kai, kamar kalangu ga mai rawa. In rimot ya faɗi a siminti, shi ne ke fara karyewa ta ciki, har wani lokaci za ka ji yana ƙaras-ƙaras in ka girgiza. Ƙafa biyu gare shi, kowane mai gyaran rediyo zai canja maka shi nan take.

Mataki na huɗu: bi sawun wutar da take ci

Nan ne gundarin aikin, kuma nan ne haɗari yake, don haka bari in fara da abin da ba za ka buɗe ba. Kada ka buɗe na'urar ɗumama abinci ta maikrowef: akwai kafasita a cikinta mai ɗaukar wajen bolt 2,000, yana iya riƙe wuta bayan an zare filogi, kuma yana kisa. Kada ka buɗe tsohuwar talabijin mai ƙusumbi. Kada ka buɗe inbata. Waɗannan na ƙwararru ne. Ko a sauran kaya ma, babban kafasitan da ke kusa da inda wutar bango ke shiga yakan riƙe sama da bolt 300. Zare filogi, ka jira aƙalla minti goma, ka riƙe bod ta gefe, kada yatsanka ya taɓa ƙasan wannan kafasita.

Kafin ka zare kowace waya, ɗauki hoto. Sukurori kuma zuba su a murfin kwalba, kada su bi tabarma.

Yanzu sa ido da hanci. Bi hanyar wuta daga inda ta shigo. Farko akwai fiyus, ɗan bututun gilashi ko ɗan akwati. Kusa da shi yawanci akwai wani faifai shuɗi kamar kwabo, sunansa barista, shi ne mai gadin ƙofa. In wuta ta zo da ƙarfi fiye da kima, shi ke rungumar ta ya sa fiyus ya tsinke, sau da yawa shi ma ya tsage ko ya yi baƙi. In ka ga haka, da alama mai gadi ya yi aikinsa, na cikin gida sun tsira. A canja su biyun tare. Ina roƙonka kada ka yarda a ɗaura siririyar waya a madadin fiyus, ko a cire baristan a bar wurin fayau. Kayan zai tashi yau, amma ranar da wuta ta sake zuwa da ƙarfi babu mai tare ta, ranar ce ƙwaƙwalwa za ta ƙone da gaske.

Daga nan duba kafasitoci masu kama da ƙananan gwangwanaye. Kan lafiyayye a shafe yake. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ya zubar da wani abu ruwan ƙasa, ya gama aiki. A garinmu wannan ita ce cutar da ta fi yawa, kuma dalilin zafi ne. Akwai ruwa a cikinsu, zafi yana busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ransu biyu. To ka auna: Afrilu da Mayu a Sakkwato zafin inuwa yana haura digiri 40, ga rufin kwano, ga akwatin roba a rufe, ga zafin na'urar kanta. Kafasitan da zai shekara goma a ƙasar sanyi, a nan ba zai kai ko kusa ba. Alamarsa tun kafin ya mutu ita ce na'ura ta riƙa wahalar tashi, sai an kunna sau uku ko huɗu, ko allo ya riƙa rawa, ko ta kashe kanta ta sake kunnawa.

In za a canja, a karanta rubutun jikinsa. Lambar girma ta zama daidai da ta tsohon, lambar bolt ta zama daidai ko ta fi, kada ta gaza. Akwai masu rubutun 85 da masu 105 na jure zafi. Nemi mai 105 ko da ya ɗan fi tsada. Yana da ƙafar da ba a juyawa, gefen da ke da zane mai tsawo shi ne nagetif. In aka juya shi, fashewa yake.

Juya bod ɗin ka duba ƙasansa da haske mai kyau. Nemi dalmar da ta tsage ta yi zobe a kewayen ƙafa, musamman a ƙafafun manyan abubuwa da inda ake soka caja. Nemi gawar kyankyaso ko tsaka ko jerin tururuwa. Suna son ɗumin bod, kuma jikinsu yana haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba. Na taɓa ciro busasshiyar tsaka daga bod ɗin esi na waje, a kwance a kan ƙafafu biyu.

In kana da mitar gwaji kuma kayan mai batir ne, kamar fanka ko fitilar caji, auna batirin da farko, a lokacin da kake ƙoƙarin kunnawa. Batir da ya tsufa yakan nuna cikakken bolt in yana hutawa, amma da mota ta ja sai ya zube. Ƙwaƙwalwa tana da tsarin kashe kanta in wuta ta yi ƙasa da abin da take buƙata. Shi ya sa fanka ke juyawa sau biyu ta tsaya, ta yi "ɗit", ta sake. Batir ne, ba komai ba. Bayan batir, nemi wani abu mai ƙafa uku da aka rubuta 7805 ko 1117 a jikinsa, shi ne ke tace wuta ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Na farkon bolt 5 ya kamata ya fitar, na biyun kuma sau da yawa 3.3, za ka ga an rubuta a jikinsa. In abin da ke fita bai kai ba, ka kama ɓarawon. Awo a kan bod mai jone da wutar bango kuwa, bar wa mai gyara.

Mataki na biyar: masu kai mata labari

Ƙwaƙwalwa ba ta ganin ɗakinka, abin da aka gaya mata take aiki da shi. In ɗan aike ya yi ƙarya, hukunci zai karkace.

Ɗaga murfin gaban esi, za ka ga wata siririyar waya mai ɗan baƙin kai kamar ƙwayar gero a gaban raga. Ita ce ma'aunin zafin ɗaki. Akwai ta biyu mai kan jan ƙarfe a manne da bututu. In ƙurar hunturu ta toshe raga, iska ba ta ratsawa, bututu ya yi sanyi fiye da kima, sai ma'auni ya kai rahoto, ƙwaƙwalwa ta tsayar da kwamfiresa don kada ƙanƙara ta kama. Kai kuma kana zufa kana cewa gas ya ƙare. Wanke raga duk mako biyu a lokacin ƙura kafin ka kira kowa. Mai gyara yana iya gwada ma'aunin a gabanka: ya zare shi, ya sa mita a kan awon turjiya, ya dunƙule kan a tafin hannu. In lamba tana sauka a hankali yayin da yake ɗumi, lafiya lau. In ba ta motsi, a canja shi, amma da mai lamba irin tasa, domin akwai na kilo'om 5, da 10, da 15, kuma in aka sa wani daban ƙwaƙwalwa za ta riƙa karanta zafin da babu shi.

Maɓallai ma 'yan aike ne. Ɗaya in ya maƙale a danne saboda ƙura ko tsatsa, na'ura da yawa sukan ƙi sauraron sauran. Danna kowanne ka ji ko yana yin ƙas ya dawo. A injin wanki kuma, makullin murfi da siririn tiyon da ke auna yawan ruwa su ne ake fara zargi.

Mataki na shida: sola da mitar kati, inda kuskuren hannu ya fi yawa

Yanzu da sola ta cika rufin gidaje daga Arkilla har Gidan Igwai, kwanturola, akwatin da ke daidaita caji tsakanin faifan sola da batir, ta zama ƙwaƙwalwar da aka fi wahalarwa. Ƙa'idar jona ta ɗaya ce: batir da farko, sannan faifan sola, sannan kayan da za su ci wuta. In za a kwance, faifai ake fara cirewa, batir ya zama na ƙarshe. Dalili kuwa, daga batir take samun wutar farkawa, kuma a wannan lokaci ne take auna ko tsarin bolt 12 ne ko 24. In faifai ya riga shiga da rana tsaka, tana iya yin kuskuren ganewa, ko ma ta lalace.

Bayan jonawa, shiga saitinta ka gaya mata irin batirin da ka sa. Batirin ruwa da na jel da na litiyam kowanne da iyakar cajinsa. A tsarin bolt 12, batirin dalma, wato na ruwa ko na jel, yakan cika a wajen 14.4, sannan a sauke shi zuwa wajen 13.7 a riƙe. In ka sa litiyam ka bar saitin batirin ruwa, ko ka yi akasin haka, kwanturola za ta yi biyayya ga abin da ka gaya mata, batir mai tsada ya tafi a banza. In kuma ta yanke wuta da dare alhali kana ganin saura, kare batir take yi daga tsotsewa har ƙasa. Kada ka zagaye ta ka jona kaya kai tsaye a kan batir.

Mitar kati kuwa, kada ka kusanci murfinta. Akwai ɗan maɓalli a ciki, da an ɗaga murfi ƙwaƙwalwa za ta rubuta cewa an taɓa ta, ta yanke wuta, kuma ba za ta dawo ba sai kamfanin rarraba wuta ya ba da lambar wankewa, ban da tara. Lambobi 20 da kake dannawa saƙo ne a kulle wanda mitarka kaɗai ke iya buɗewa, kuma a cikinsa akwai lokacin da aka saye shi, don kada a sa shi sau biyu. Wannan lokaci ana ƙirga shi ne da minti tun daga farkon 1993, a ma'ajiyar da ba ta ɗaukar fiye da minti 16,777,216. Ma'ajiyar ta cika a ranar 24 ga Nuwamba 2024. Abin da ya sa ke nan aka yi ta shela a wancan lokaci cewa kowa ya karɓi lambobin canjin makulli guda biyu ya danna kafin ya sa sabon kati. In ka tare a gidan da mitarsa ta daɗe a kashe tana ƙin karɓar kati, tambayi ofishin wuta ko an yi mata wannan canji kafin ka ce ta lalace.

Mataki na bakwai: kare ta gwargwadon yanayin garinmu

Da hunturu iska takan bushe ƙayau, har in ka tuɓe riga cikin duhu ka ga tartsatsi. Wannan ɗan tartsatsi da bai fi ya tsikare ka ba ya isa ya huda cikin ƙwaƙwalwa. Kafin ka taɓa bod a wannan lokaci, dafa ƙofar ƙarfe ko famfo, kuma kada ka ajiye shi a kan bargo ko darduma mai gashi. Ƙura kuma a share ta da busasshen burushi mai laushi kafin damina, domin in ta sha laima takan zama hanyar wuta.

Da damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, zare filogi, ka zare har wayar eriya da ta dish daga bayan dikoda. Tsawa ba sai ta faɗo a gidanka ba, ta waya take biyowa.

In an ɗauke wuta, kashe soket ɗin kaya masu tsada, in an dawo da ita ka bar ƙwan fitila ya nuna maka ta zauna na 'yan mintuna. Mai janareta ya sauke kaya daga kansa kafin ya kashe shi, kuma kada ya bari mai ya ƙare yana ɗauke da kaya. Wannan shaƙewa da yake yi yana tashi yana faɗuwa, wuta ce ke hawa da sauka. Dikoda da inbata da sitabilaiza a ba su sarari su sha iska. Kyallen ado da ake lulluɓa wa dikoda yana toshe ramukan da zafi ke fita, a ɗauke shi in tana aiki.

Mataki na takwas: in ta tabbata ita ce

Wani lokaci takan mutu. Alamun su ne: wutarta ta bolt 5 ko 3.3 tana isowa daidai amma babu motsi ko kaɗan, ko tana zafin da yatsa ba zai iya dafawa ba, ko ka ga ƙuraje ko huda a bayanta. Tambayi mai gyara cikin ladabi, "Maigida, bolt nawa ka samu a ƙafarta?" Wanda ya auna zai ba ka amsa nan take, har ya nuna maka. Wanda bai auna ba, ka ba shi dama ya auna.

Kada ka kashe kuɗi wajen neman aisi mai lamba iri ɗaya a kasuwa. Sabuwar da za a sayar maka fanko ce, babu umarni a cikinta, kuma kamfanoni suna kulle nasu umarnin yadda ba a iya kwafowa daga tsohuwar. Mafita ita ce bod sukutum: sabo mai lambar samfur iri ɗaya, ko na wata na'ura irin taka da ta mutu ta wani gefen, wanda masu gyara kan ajiye. Esi marar inbata yana karɓar bod na gama-gari mai zuwa da rimot ɗinsa. Mai inbata kuwa bod ɗin ciki da na waje suna magana da juna da yaren kamfaninsu, dole a samo wanda ya dace.

Kafin a ɗaura sabon bod, a gano abin da ya kashe na farko, ko soket ne mai tartsatsi, ko waya ce ta narke, ko mota ce ke jan wuta fiye da kima. Sannan ka karɓi tsohon bod ɗinka ka tafi da shi gida, ka sa a leda ka rubuta sunan na'urar a jiki. Rile (ɗan akwatin da ke haɗa wuta ya yanke ta bisa umarnin ƙwaƙwalwa) da maɓallai da idon rimot da ke kansa duk suna da rai, kuma su ne za a nema ranar da sabon ya fara ciwo.